Damin Karan Shinkafa Daga Uke

Lokacin kaka ne, an gama yankan shinkafa, doya ta cika bakin hanya. Bana kuwa kowa a tsaye yake, tunda gwamnati ta kwashe komatsanta daga Ikko ta dawo Abuja, mu ma aka haɗa da mu, domin maigida direba ne a ma'aikata. Muka samu ɗaki biyu a Karmo. Ba mu gama kwance kaya ba muka ɗauko Baba daga Uke, garinmu. Tun rasuwar Inna da damina ba shi da mai duba shi sai Gwaggo, ƙanwarsa, wadda ita ma ta kusa neman mai duba ta.

To, Baba ya ƙi abinci. Loma biyu sai ya ture kwano. Abu ɗaya kawai yake ambata, dafa-dukan kaza da Inna kan yi mana ranar da aka gama bugun shinkafa. Na dafa, na sake dafawa, na canza mai, na canza daddawa. Kullum ya ɗanɗana sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka, amma ba ita ba ce." Da maigida ya ga riga ta fara yi wa Baba yawa, ya ce in mako ya zagayo a haka gara a mayar da shi gida. Ni ban so ba. Shi ya sa na yi niyyar zuwa in tambayi Gwaggo.

Mun tashi da asuba, ni da maƙwabciyata, wata Bagwariya mai yawan dariya da za ta duba 'yarta a can. Daga Karmo muka shiga bas zuwa Wuse. Titunan Abuja faɗi gare su kamar filin idi, amma ba mutane, sai gine-ginen da ba a gama ba da injinan ɗaga kaya masu dogon wuya irin na raƙumin dawa. Mun wuce manyan motoci daga Ikko shaƙe da tebura da kujerun ofis, ƙafafunsu a sama. Maƙwabciyata ta ce ashe gwamnati ma in za ta tashi, haka take ɗaure kayanta da igiya kamar mu.

Ni da na koyi karatu da girmana, ba allon da nake bari ya wuce ban haɗa baƙaƙensa ba. Sai dai direban ba ya jira na. Kafin in gama haɗa Nyanya, har mun kusa Mararraba. A nan muka ga inda mutanen Abuja suke kwana: ma'aikata ne tuli a bakin titi, kowa da takalmi mai sheƙi, ana kokawar shiga mota. Muka canza mota, muka karya da ƙosai mai zafi da koko. A Masaka na ga kashin doyar da ake yanka mana wuya a kansa a Wuse, a nan rabin kuɗi, har da gyara. Na haɗiye yawu, na ce ba ita ta fito da ni ba.

Da hantsi muka sauka Uke. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana sheƙa.

"Lale da mutanen Ikko!"

"Ai yanzu mutanen Abuja ne, Gwaggo."

"Ku dai 'yan gwamnati, ƙafarku ƙaiƙayi take yi. Yaya Yayana?"

Na faɗa mata gaskiya. Ta ajiye faifai, ta fara yi mini tambaya kamar alƙali. Shinkafar gida ce ko ta buhu? Ta gida. Daddawar kalwa? Ita ce. Man gyaɗa? Shi ne. Sannan ta ce, "Kazar fa, yaya kika fige ta?"

"Da ruwan zafi, Gwaggo."

Ta tafa hannu har kajin gidan suka watse. "Wanka kika yi mata ke nan! Jego take yi? Uwarki ba ta taɓa tsoma kazar nan a ruwan zafi ba."

Ashe a bushe ake fige ta, tun jikinta da ɗumi. Sannan a kunna karan sabuwar shinkafa, wanda aka gama bugewa, a babbaka ta a kai da sauri, ana juyawa, har fatar ta yi ja ta sha hayaƙin. Ba a dirje ta da wanki bayan nan, ɗauraya ɗaya ce. Ƙamshin da Baba ke nema ke nan. Mu yara a lokacin muna can masussuka muna kalar shinkafar da ta zube, ba mu dawowa sai tukunya ta hau wuta. Na ci abin tun ina ƙarama, amma ban taɓa ganin farkonsa ba.

Gwaggo ta kama mini jan zakara, ta auna mini gumin shinkafa, ta ɗaure mini kara dami guda. Ta kuma ƙulla 'yar shinkafa mai ƙaiƙayi a gefen tsumma, ta ce iri ne, ko da wata rana. Maƙwabciyata ta dawo daga wurin 'yarta, ta sungumi damin ta ɗora a kafaɗa yadda Gwarawa ke ɗaukar kaya, muka nufi bakin titi.

Direban da muka samu ya dubi damin, ya dube ni. "Hajiya, Abuja za a kai ciyawa? Ko an naɗa wa awaki minista ne?" Mota ta ɗauki dariya. Maƙwabciyata ta ce, "Oga, wannan ciyawa magani ne, ka ɗaure shi da kyau." Zakaran kuwa bai ce uffan ba sai a Nyanya, inda ya leƙo daga kwando ya yi cara a kunnen wani mai kwat da ke gyangyaɗi. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, dama ya kusa wuce tasharsa.

Mun iso gida da la'asar. Maigida bai dawo ba, don haka na roƙi Baba ya yanka mini zakaran. Ya yanka ya koma ɗaki. Na fige shi a bushe, yatsuna har zafi suke yi, na haɗa murhu a bayan ɗaki na bar risho ya huta. Da na cinna wa karan wuta, hayaƙi ya tashi, ni kaina sai da na ji Inna kamar tana bayana. Can sai ga Baba ya fito yana jan kujerarsa. Ya zauna daga gefen da iska ke kai hayaƙin, bai tashi ba har na soya naman, na zuba albasa da tattasai da daddawa, shinkafa ta tsotse.

Na zuba masa, na koma gefe ina kankare abin da ba ya buƙatar kankara. Loma biyu ta wuce, ta uku ta bi. Ban ɗaga kai ba sai da na ji cokali yana buga gindin kwano.

"Akwai ƙanzo?" in ji shi.

Maigida ya shigo ya tarar da shi yana gwaguyar ƙashi. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya wanke hannu ya zauna. Ba wanda ya sake tayar da maganar komawa Uke.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, 'yan uwa, in kuna da tsohuwa a raye ku tambaye ta girki tun daga yanka, ba daga tukunya ba. Sai dai dami ɗaya ba zai kai mu baɗi ba. Washegari da safe, bayan na ɗumama wa Baba sauran, na ɗauki ƙullin irin nan na Gwaggo na shiga wurin maƙwabciyata, na roƙe ta kunya biyu a gefen fadamarsu kafin damina.