Layi na Sha Huɗu

Ina aji biyar a makarantar kwana ta 'yan mata a Rano aka kawo mana kwamfutoci. Malamin kwamfuta ya haɗa wa makaranta ɗan shafin intanet, muna shiga muna gwada tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Yana so a riƙa ajiye rajista: wa ta shiga, yaushe, me ta buɗe. Ni ya ba aikin tsara ta, wai don ba ni da surutu.

"Ke sarkin shiru, kowane layi sai da abin da zai bambanta shi da sauran. Shi ne makulli. Me za ki sa?"

Na ce suna.

"Suna? A ajinku kaɗai masu suna ɗaya su nawa ne?"

"A haɗa da sunan uba da na gari, Malam."

Ya ce lamba ta fi, ɗaya, biyu, uku. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. A wurinmu buhun gyaɗa ake sa wa lamba. Mutum kuwa a ce wance 'yar wane ta gari kaza, an gama. Da ya gaji da jira ya ce, "To, aikinki ne."

Yadda na tsara, kowace yarinya layinta ɗaya. In ta sake shiga, sabon bayani ya hau kan tsohon.

Ƙawata 'yar Tarai ce, gadonta a saman nawa. Duk ranar da ta shiga shafin sai ta zungure ni. "Hajiya mai rajista, kin rubuta ni?"

Muka tafi hutun damina, ita ba ta dawo ba. Zazzaɓi ne, kwana uku. A taron safe aka sanar da rasuwarta, aka yi addu'a, muka wuce aji. Ban yi kuka ba. Yayanta ya zo ya ɗauki akwatinta da bokiti.

Layinta ne na sha huɗu. Laraba, ƙarfe sha ɗaya da minti bakwai, bayoloji, ta tsaya a tambaya ta tara. Abin da ya rage nata a makarantar ke nan. Duk Laraba sai in buɗe in duba. Ba na jin komai, dubawa kawai nake yi.

Tsakiyar zango aka kawo sabuwar yarinya daga Fassi, 'yar aji huɗu. Sunansu ɗaya da ƙawata, sunan ubansu ɗaya, kuma dukansu tun firamare aka liƙa musu Kibiya, sunan ƙaramar hukumarsu, a ƙarshe, kamar yadda ake yi wa yaran ƙauyukan can. Na ji sunan a bakin malamai, amma rajista ba ta faɗo mini a rai ba.

Wata Laraba na buɗe, layi na sha huɗu ya nuna yau, lissafi. Na waiwaya. Sabuwar yarinyar tana can kusurwa tana tauna murfin biro.

Na ce, "Malam, ana iya dawo da na da?"

"Kin kwafe shi wani wuri?"

"A'a."

"To ya tafi." Ya koma kan aikinsa.

Yarinyar ta matso. "Yaya, wani abu na ɓata?"

Na ce mata a'a, ta koma ta ci gaba.

Ranar na sake tsarin: kowace shiga da lambarta, ba mai hawa kan wata. Lamba ɗaya ta sabuwar yarinyar ce. A bayan littafina na rubuta Laraba, tambaya ta tara. Da na zo kan minti sai na tsaya. Bakwai ne ko sha bakwai? Na bar wurin ba komai.