Mu Ƙaddara

A shekarar da na fara digiri na biyu a fannin lissafin kuɗi da auna haɗari, babu maganar da ta zauna a bakina kamar "mu ƙaddara". Malaminmu ne ya shafa mana ita. Da Turanci yake koyarwa, amma da zarar ya ga mun yi zuru sai ya juye zuwa Hausa: mu ƙaddara farashi ya faɗi, mu ƙaddara banki ya durƙushe, mu ƙaddara damina ta ƙi. Aikinmu kenan, mu zauna a ƙarƙashin fanka mu yi ta ƙirƙiro masifa, sannan mu auna nauyinta. Ni kuwa abin ya yi min daɗi, don tun ina ƙarama Umma take cewa ba ni da aiki sai hango abin da zai lalace.

Da lokacin bincike ya zo, na zaɓi 'yan hatsi na Kasuwar Muda Lawal a Bauchi, inda Babana yake da shago tun kafin a haife ni. Haɗarinsu a fili yake, daga karyewar farashi zuwa ƙwari a buhu. Malamin da ke duba aikina ya ce na bar haɗarin da ya fi girma. Irin wannan sana'a a kan mutum ɗaya take tsaye, shi ya san manoma, shi ya san direbobi, ranar da ya faɗi komai ya bi shi. Ya ce sai na tambayi kowane mai shago abin da ya tanadar wa wannan ranar.

Na fara da aminin Babana, wani tsoho mai sayar da wake, mai barkwanci, wanda yake kirana Farfesa tun ina firamare. Na same shi bayan azahar a kan buhu yana shan fura. Muka gaisa, muka taɓa zancen farashi, sannan na ce, "Baba, mu ƙaddara yau ka faɗi ka mutu. Wa zai riƙe shagon nan?"

Ya tsaya da ludayi a hannu. "Mu ƙaddara? Ni da ke, Farfesa? Yaushe aka ba mu wannan aikin?"

Sai a lokacin na ji maganar yadda ya ji ta. A aji nufinmu mu yi misali, a kasuwa kuwa Allah ne kaɗai mai ƙaddarawa. Ya yi dariya, na yi, ya ba ni amsa, har ya miƙo min sauran furar. Kafin Juma'a ta zagayo aka yi jana'izarsa. A bakin shagon ya faɗi, da rana tsaka, ana tsakiyar ciniki.

Na yi kuka sosai, amma ban kawo komai a raina ba, don kowa ya san ya daɗe da hawan jini. Na koma kan aikina, ina kiyayewa, sai dai in ce "a ce". Mutane da dama sun ba ni amsa kuma ko ciwon kai bai same su ba, amma su babu wanda yake tunawa da su. Ashe maƙwabtan marigayin sun ji abin da na faɗa masa, maganar ta zaga layi. Ranar da na je wurin wani mai masara, tun daga nesa ya fara tsokanata.

"Ke ce mai ƙaddara wa mutane? To zo ki ƙaddara min mu gani."

Ina da taurin kai, kuma ba na son raini. Na dube shi na faɗa masa, kalma da kalma. Ba a jima ba ɓarin jikinsa ya shanye. Na je dubiya gidansa a Ƙofar Ran, yana kwance a kan tabarma, bakinsa a karkace. Bai iya amsa sallamata ba. Idonsa ɗaya mai motsi ya yi ta bina daga ƙofa har inda na zauna, bai ɗauke ba har na tashi.

Daga nan kasuwa ta sauya min. In na shigo layi hira ta mutu, sai leɓɓa suna motsi da a'uziyya. Wata 'yar kudu mai sayar da buhuna, wadda ta saba yi min wasa, ta ɗaga hannu tun kafin in iso, ta ce, "Yarinya, kai wuce. Ni ba ya son tambaya." An yanke hukunci cewa ina da baki, abin da na furta sai ya faru.

Na zauna da kwamfuta na yi abin da aka koya min. Layi guda na dattawa, ga hawan jini, ga zafin Bauchi, ga ƙin zuwa asibiti, faɗuwar mutum biyu a shekara ɗaya ba abin mamaki ba ne. Lissafin daidai yake, kuma bai rage min komai ba. Na soma jin tsoron harshena. Ko hadari na gani ba na iya cewa za a yi ruwa. Bincike ya tsaya cak, Umma ta ce in haƙura da karatun.

Babana ba mai yawan magana ba ne. Wata safiya ya aiko in same shi a shago. Na tarar ya tara dattawan layin a kan benci, shi yana tsakiya.

"Kin tambayi kowa a layin nan, ni kin tsallake ni," in ji shi. "Ko ni ba ɗan kasuwa ba ne?"

"Baba, ai ko a gida za mu iya."

"Nan aka ce kina da baki, nan za ki yi."

Na ce, "To Baba, a ce..."

"A'a. Yadda kika faɗa wa marigayi."

Na gane so yake ya wanke ni a gaban mutane, kuma da ransa zai yi wankin. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na dubi fuskarsa na faɗa, muryar ta fito kamar ba tawa ba. Layin ya yi tsit, har ina jin tantabaru suna tsintar dawa a ƙasa. Shi kuwa ya ba ni amsa a natse: ƙaninsa zai riƙe shago, ga wanda ya san manoman, ga inda makullin sitonsa na unguwar Tirwun yake. Sannan ya juya ga dattawan ya ce, "Rai na Allah ne. Ga ni nan, ku yi ta kallo."

Suna kallon kuwa. Na gama digirina, na kama aiki, mutane sun dawo suna amsa gaisuwata, Baba yana nan da ransa. Amma har yau in ya buɗe shago da safe, sai layin ya ƙare masa kallo kafin a amsa sallamarsa. In ya yi tari a gida, Umma ba shi take duba ba, ni take duba. Duk abin da na karanta a kan yiwuwa ne, ranar mutuwarsa kuwa babu shakka a zuwanta. Ko bayan shekaru nawa ta zo, na san za a sami wanda zai tuna da safiyar nan ta kasuwa. Ba shi nake tsoro ba. Tsorona kada ya zama ni ce zan riga kowa tunawa.