Ranar da Indararo Ya Yi Shiru

Duk sa'ad da aka sako ruwan sama, kunnena yakan tafi neman ƙara guda ɗaya: ƙarar indararo yana zuba a kan faffaɗan dutsen da aka ajiye masa a tsakar gida. Idan a gidan kwano ka tashi, wataƙila ba ka san ta ba, domin kiɗan rufinku ya isa ya rufe komai. Mu 'yan gidan ƙasa ruwa ba ya yi mana kiɗa a ka. Yakan sauka a kan soro a hankali, ya taru, ya bi gangaren da magini ya yi masa, sannan ya fito ta indararo da murya ɗaya mai kauri. Da wannan murya nake barcin rana tun ina goye.

A Kusfa aka haife ni, cikin birnin Zariya, a gidan da kakan babana ya gina. Lungunmu ƙunci gare shi, mota ba ta shiga, sai dai a ajiye ta a bakin hanya a ƙaraso da ƙafa. Amma ban taɓa ganin gidan nan da wani rashi ba. Da bazara, lokacin da zafi yake korar mutane daga ɗakunan siminti, ɗakunanmu sanyi suke kamar cikin randa. Kafin damina ta faɗi magini yakan zo ya yi wa soraye sabon yaɓe da makuba, gidan ya kwana uku yana wani ƙamshi mai ɗaci-ɗaci da har yau ban sami irinsa a kwalbar turare ba.

A ɗakin kakata ta wajen uba nake kwana. Iya muke ce mata, ni da babana da duk unguwa. Ita kuwa ƙawata take ce mini. Iya tana da kunne. Mutum yana taka zaure za ta faɗi ko wane ne kafin ya yi sallama. Ba ta kuma son a kawar mata da kaya daga inda ta ajiye. In buta ta matsa taki ɗaya sai ka ji ta: "Wa ya taɓa mini buta?" Mukan yi dariya mu ce tsufa ne.

Mutum ɗaya ne bai ga abin so a ɗakin nan ba, shi ne Baffa, yayan babana, mai aiki a Kaduna. Ya gina gida a can, ya ware wa Iya ɗaki mai fanka da banɗaki a ciki. A daminar da ta gabata wani soro ya rufta a bayan lungunmu, har matar gidan ta karye a ƙafa, tun daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. Ina shekara tara ya zo a ƙarshen bazara, ya zauna a bakin ƙofar Iya, ina daga bayan gado ina ji.

"Iya, don Allah ki bar ɗakin nan haka. Ƙasa ce fa a kanki."

"Ƙasa ce a ƙarƙashina ma," in ji ta. "Can Kadunan wa zai riƙa leƙo ni da safe? Fanka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce to ta yi masa alkawari guda: in ɗakin ya yi yoyo a daminar nan, ko ɗigo ɗaya ne, za ta bi shi ba gardama. Iya ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce ta yi. Ta yarda da ɗakinta ne. Ni dai tun daga ranar na fara ɗaga kai ina duban azara kafin in kwanta, domin na san in aka tafi da Iya, an tafi da rabin gidan.

Wata Alhamis, bayan an yi yayyafi sau biyu, Umma ta hau da ni kan soron Iya mu kwashe ragowar shanyar kuɓewa. Tana can tana tattarawa na leƙa bakin indararo ta ciki, sai na ga kurciya ta yi sheƙa a wurin, 'yan tsinke kaɗan da ƙwai biyu farare. Na tsaya ina kallonsu, na ga a raina yadda ruwan farko mai ƙarfi zai kwashe su ya fasa a kan dutse. Da Umma ta juya baya na jawo wani gutsuren tubali na tare gaban sheƙar, na cusa tsumma a gefe da gefe, na danna sosai don kada ko ɗigo ya wuce. Na sauko ina jin daɗi, ban gaya wa kowa ba.

Washegari Juma'a. Maza duk sun tafi masallaci, wayar gidan guda ɗaya kuma tana aljihun Baba. Umma ta tafi barka Ƙofar Gayan da ƙannena. Daga ni sai Iya. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, gari ya yi duhu da rana tsaka, iska ta kaɗa ƙofar langa-langar kicin, sai ruwa ya ɓarke.

Muna zaune a ɗaki, ita a kan dadduma, ni ina wasa da murfin kwano. Can sai carbinta ya tsaya.

"Ƙawata, yi shiru."

"Ai ban ce komai ba, Iya."

Ta karkata kai. "Ga na ɗakin babanki yana zuba. Ga na kicin. Ina namu?"

Na saurara. Ruwa ko'ina, tsawa daga nesa, amma dutsen da ke gindin tagarmu shiru. Na san abin da na yi, sai a lokacin kuma na gane ma'anarsa: duk ruwan da ke sauka a kan soron nan ba shi da hanyar fita, yana nan tsaye a kanmu, yana jiƙa ƙasa, yana ƙara nauyi.

Na zauna ina addu'a a zuci Allah ya ɗauke ruwan, ruwa kuwa sai ƙaruwa yake. Sai wata azara ta yi ƙara a hankali, irin ƙarar tsohuwar kujera in babban mutum ya zauna. Garin ƙasa ya zubo a kan jeren kwanukan Iya, ƙis, ƙis, ƙis. Ɗigo ɗaya ya faɗo mini a bayan hannu, ja, mai sanyi.

Na fashe da kuka na gaya mata komai. Na jira faɗa. Ta ce, "Ƙwai nawa?"

"Biyu."

"Allah sarki." Ta miƙe tsaye. "Tashi mu fita."

Ta tsaya jikin katanga ta yi ta kiran maƙwabta, ruwa ya haɗiye muryarta. Ko sun ji ma, mata ne da jarirai. Gwiwoyinta kuwa sun daɗe da barin hawa tsani. Na dube ta, ruwa na bin fuskarta, na dubi ɗakin da ƙofarsa a buɗe, na ce, "Iya, ni zan hau." Ina fata ta hana ni.

Leɓunanta suka ɗan motsa. Sannan ta ratsa tsakar gida, ta dafa bakin rijiya, ta dafa kututturen dogon yaro, ta kama tsanin da ke jingine da bangonta da hannu biyu.

"Hau. Idona na kanki. Ki bi gefe, jikin rawanin soro, kada ki taka tsakiya. Ki riƙa karanta Ƙulhuwallahu da ƙarfi, kada ki yi shiru ko kaɗan."

Tsanin santsi yake kamar an shafa masa sabulu. Kowane taki sai na ji ƙafata za ta zame. Ina karatu, haƙorana na haɗuwa, ruwa na shiga bakina. Da na kai sama na ga abin da ban taɓa gani ba: soron Iya ya zama tafki. Rawanin da ya kewaye shi ya riƙe ruwa har ƙaurina. Na sa ƙafa, ƙasan ya yi laushi kamar tuwon da bai huce ba. Walƙiya ta haska, na ga sorayen birni jere cikin ruwa, da dogayen rimaye suna rangaji, babu mutum ko ɗaya a duniya. Tsawa ta fashe a kaina. Na durƙusa na rungume rawani, karatu ya ɗauke.

"Ƙawata!" Ban taɓa jin muryar Iya haka ba. "Ƙawata, ina kike?"

"Iya, kina ganina?"

"Ina ganinki sarai! Karanta! Ci gaba!"

Wannan magana ce ta ɗaga ni. Na ce a raina tunda tana kallona ba zan faɗi ba. Na rarrafa ina karatu da ihu har na kai bakin indararo. Kurciya ta daɗe da gudu. Na lalubo tsumman na fizge, na ja tubalin da hannu biyu. Ruwan ya fizgi hannuna, ya kwashe tsinkayen da ƙwan biyu a gaban idona, sai na ji ƙarar da nake nema ta faɗa kan dutse a ƙasa, mai kauri, ba yankewa.

Na sauko. Iya ta shafa fuskata, ta shafa kafaɗuna da hannuwana har yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Ta sa na canja kaya kafin kowa ya dawo, ta ce, "Wannan tsakanina da ke ne." Da Baba ya dawo ya ga ɗakin, abin da ta ce masa kawai shi ne ruwa ya yi yawa, Allah ya kiyaye. Magini ya zo ya gyara sama, amma tabon da ruwa ya bari daga azara zuwa rabin bango ba ya ɓoyuwa. Iya ta tambaye ni a hankali, "Tabon babba ne?" Na ɗauka zolaya ce, na ce ai ga shi nan kamar zanin da aka shanya.

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Ran Lahadi Baffa ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon bangon.

"Iya, alkawari."

Tafin hannunta na kan bangon da take jingina, tana shafa shi kamar bayan jariri. "Alkawari kam na yi," in ji ta. "Ƙawata, jawo mini akwatina daga ƙarƙashin gado."

Na gane za ta tafi ba tare da ta tona ni ba. Tsoron Baffa nake ji fiye da na tsawa, amma na tsaya a tsakiyar ɗaki, idona a ƙasa, na ce ɗakin bai yi komai ba, ni ce. Na faɗi kurciya, na faɗi tubali, na faɗi tsani.

"Soro kika hau? Cikin ruwan ranar Juma'a?" Ya juya. "Iya, ke kika riƙe mata tsani?"

"Ni na riƙe."

Ya dafe kai. Sai Iya ta ce, a hankali, ba da muryar zolayarta ba, "Ɗan nan, ka bar ni inda na san ƙofa."

Baffa ya dubi mahaifiyarsa, ya dube ni, ya ce, "Kurciya," kamar mai ɗanɗana kalmar, ya tashi ya fita. Kafin la'asar ya dawo da ragar ƙarfe, ya sa aka toshe wa tsuntsaye bakin kowane indararo na gidan, ya kuma sa aka kai tsanin zaure aka ɗaure. Akwatin Iya ya koma ƙarƙashin gado. Damina bakwai ta ƙara yi a ɗakin nan, a cikinsa kuma ta cika, wata safiya da ake yayyafi.

Yanzu an yi wa yawancin gidajen lungunmu rufin kwano, har da namu. Ɗakin Iya kaɗai na roƙa aka bari da ƙasarsa, a nan nake kwana, littattafaina a inda jeren kwanukanta yake a da. Ƙawayena na makaranta sukan tambaye ni yadda nake iya zama a lungun da mota ba ta shiga. Nakan ce su zo da bazara su sha sanyi, mu yi dariya a bar maganar.

A shekarunta uku na ƙarshe kowa ya san Iya ba ta gani, ni ma na ɗauka a lokacin abin ya same ta. Sai bara, muna tsince shinkafa da Umma ana ruwa, na ba ta labarin ranar nan, na ce da ba don Iya tana kallona ba da na saki rawanin. Umma ta ajiye faifai. Ta ce shekara biyu kafin wannan Juma'a ita da kanta ta raka Iya asibitin ido a ɓoye, likita ya ce ganin ba zai dawo ba, Iya kuma ta roƙe ta kada kowa ya ji, don kada a ɗauke ta daga gidan da ƙafafunta suka haddace. Ranar da ta riƙe mini tsani, in ji Umma, haske da duhu kawai take rarrabewa. Da Ƙulhuwallahun nan take sanin inda nake.