Wayar Tagullar Da Na Ɗaura A Gurbin Fis

A shekarun da kuɗin mai suka fara kwarara a ƙasar nan, ni matashi ne ɗan ashirin da 'yan kai, mai haɗa wutar lantarki a Tudun Wada, Zariya. Ban daɗe da barin maigidan da ya koya mini sana'a ba, kuma ina ji da kaina, don kowa gini yake yi, daga unguwar Kongo har Kwangila nemana ake yi. Na rubuto muku ne kan wani abu da na aikata wanda har yau bai bar raina ba.

Wani Alhaji ɗan kasuwa a unguwarmu ya sayo ƙatuwar iyakwandishan daga Legas, irin ta manyan ofisoshi, ya ce a ɗakin mahaifiyarsa za a kafa ta, saboda zafin bazara yana wahalar da tsohuwar. Ban taɓa haɗa irinta ba, amma na karɓi aikin. Maimakon in ja mata layinta daban da waya mai kauri tun daga mita, sai na jona ta a siririyar wayar da ke ba fitilu da fanka wuta. Na kunna, ba a yi minti biyar ba fis ya ƙone. Na sa wani, shi ma ya ƙone. Alhaji yana tsaye a kaina yana tambaya ko aikin ya fi ƙarfina ne a kira wani. Kunya ta kama ni, na yanko wayar tagulla mai kauri na ɗaura a gurbin fis ɗin. Na'ura ta tashi, sanyi ya cika ɗaki, Hajiya ta yi ta sa mini albarka.

Ranar Juma'a, muna dawowa daga masallaci, na hango baƙin hayaƙi yana tashi daga gidan. Ashe wayar ta yi zafi a cikin silin har ta kama da wuta, tsohuwa kuwa tana barcin rana, ƙofa a rufe don kada sanyi ya fita. Maza duk ba sa nan. Surukarta da wata maƙwabciya ne suka ɓalle ƙofar da taɓarya suka jawo ta. Ta rayu, amma hannunta na dama ya ƙone, bai ƙara moruwa ba.

Tsohon maigidana aka kira ya duba. A gabana ya zaro fis ɗin, ga tagullata nan lafiya lau, ko baƙi ba ta yi ba. Ya nuna mini wani ɗan faranti a jikin na'urar, inda aka rubuta yawan wutar da take ja da girman fis ɗin da ya dace da ita. Ni ko kallonsa ban yi ba ranar da na kafa ta. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Sau biyu fis ya gaya maka wayar nan ba za ta ɗauka ba, kai kuma ka toshe masa baki."

Alhaji ya so kai ni wurin 'yan sanda, Hajiya ta hana daga gadon asibiti, ta ce ba da gangan na yi ba. Wallahi da ɗaure ni aka yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya shi ne, fis ko bireka da ke yanke wuta ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi. 'Yan uwana masu sana'a, ku karanta rubutun jikin na'ura, ku ja mata layinta da wayar da ta dace, abin da ba ku sani ba ku tambaya. Masu gida kuma, kada ku matsa wa ma'aikaci sai wuta ta kama ko ta yaya. Kunyar minti biyar na guje wa, wata baiwar Allah ta ƙare rayuwarta da hannu ɗaya.