Kunnen Injin da Na Toshe a Matameye

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba. Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, damina ta yi gardama, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, ni kuwa ina da ɗan garaji a bakin tashar Matameye, rumfar kwano ce kawai da akwatin kayan aiki.

Wata safiya sai ga Baba Lawali, direba, abokin mahaifina, da tsohuwar motarsa. Ya samo gero buhu shida daga ƙetaren iyaka zai kai Tsauni, inda ya ce kwana huɗu ke nan anza suke jiƙawa suna ci, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci, tsohuwarsa ma ta kwanta. Ita kuwa motar ba ƙarfi, da ta shiga yashi sai nishi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri.

Na duba na ce kaftar ce. Wani ɗan ƙarfe ne da ake ɗaurewa a jikin injin, shi ne kunnensa, in ya ji injin na ƙwanƙwasa sai ya sa mota ta rage wuta don kada ta ci kanta. Na cire tsohuwar, na wanke gurbin, na sa wata. A banza. Na bi waya kaf, na tsiyaye esansin 'yan ruwa-ruwa, wato fetur ɗin bakin hanya, na zuba mai kyau, na aika Damagaram aka kawo sabuwa fil washegari, na ɗaura, kai, kamar ma zuga ta nake yi! Ga rana, ga hannuna duk ƙuna, ga Baba Lawali tsaye a kaina yana ta tambaya ko an kusa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na zagi motar da wanda ya ƙera ta.

Da azahar ya dafa ni ya ce, "Ɗana, ni ba gyara nake nema ba yau, Tsauni nake son isa."

Sai na yi abin da mu masu gyara muka sani, muke kuma ɓoyewa. Na kwance sabuwar daga jikin injin, na naɗe ta da robar tayar keke, na ɗaure ta can gefe inda ba za ta ji komai ba. Nan take mota ta miƙe tana ruri, ya yi ta sa mini albarka, ya tafi.

To ina tattara kaya, na ɗauki tsohuwar kaftar zan jefa a akwati, sai na ji ƙwas, ƙwas, a tafin hannuna. Ba waya fa, ba batir, tsirarar ta. Na ajiye a tebur, sai ga kusoshin da ke kusa suna rawa. Na kira Isufu mai faci, maƙwabcina, ya ɗora yatsa sau ɗaya, ya yi a'uziyya, ya ce shi bai ga komai ba, ya koma rumfarsa. Tana ta bugawa, tana ƙara sauri. Zuciyata ta ce in hau kabu-kabu in bi Baba Lawali in tsayar da shi, amma haushi da girman kai suka hana, na ce ai na gama da wannan jarababbiyar mota. Ana kiran la'asar ta yi wani bugu mai ƙarfi guda, ta yi tsit.

Bayan kwana uku Baba Lawali ya dawo a ƙafa. Ya ce yana jin kiran la'asar daga wani ƙauye injin ya fashe a tsakiyar yashi, sai washegari ya samu amalanke, shanun ma yunwa ta cinye su. Ya isa da geron ya tarar ana dawowa daga maƙabarta, an binne tsohuwarsa. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya ce, "Kada ka damu, ɗana, ni na matsa maka."

Na jefa kaftar nan a wata busasshiyar rijiya, ban kuma tambayi kowane malami ba, don tsoron amsar nake ji. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. 'Yan'uwa masu gyara, in ƙarfe ya dage yana ce muku akwai matsala, ku saurara, ko da mai motar kuka yake yi a kanku.