Hasken da Na Tare wa Baba

Edita, na daɗe ina juya wannan magana a raina, yau dai na ce bari in sauke ta. A shekarun da ƙasa ba ta daɗe da samun 'yanci ba, mota kuma ba ta yi yawa a Yawunde ba, ni saurayi ne ɗan unguwar Briqueterie. Nan aka haife ni, kakana ne fatauci ya kawo shi daga Kano. Zuciyata a kusa take, ga ji da kai. Na daɗe ina tuƙa motar wani kafin na samu tawa, wata tsohuwar bashe, wato ƙaramar akori-kura mai rufin tamfol, da nake ɗaukar kayan 'yan kasuwa da ita. Wallahi ranar da na shigo da ita unguwa, ji nake kamar ni na ƙera ta.

Lungunmu matsattse ne, ga kwata ta ratsa ƙofar gidanmu. Wurin da mota za ta iya tsayawa ɗaya ne tak, ƙofar zauren maƙwabcinmu, wani dattijo aminin marigayi mahaifina, wanda muke kira Baba. Sana'arsa ɗinkin hula da aikin wuyan riga da hannu. Zauren ba taga, ba lantarki, a bakin ƙofa yake shimfiɗa buzunsa ya yi aiki da hasken da ke shigowa. Ban nemi izininsa ba. Shi kuwa ya fito ya shafa motar, ya sa mata albarka, ya ce da mahaifina na raye da ya yi murna. Tunda da sassafe nake fita sai yamma in dawo, abin bai dami kowa ba.

Damina na kankama motar ta lalace. Makanike ya ce wani ƙarfe ne ya karye, sai an aiko da shi daga Duwala. Muka turo ta wurinta, muka ɗora ta a kan duwatsu, na ja tamfol na rufe ta ruf. Kusan wata huɗu tana nan. Kullum na durƙusa gaida Baba sai ya tambaye ni ya jikin motar, ko an ji labarin ƙarfen. Ni da wautata na ɗauka tsokana ce irin ta tsofaffi, har rannan na ce masa in ta warke zai ji ƙararta, ba sai ya tambaya ba. Ya yi murmushi ya ce gaskiyata ce, bai kuma sake tambaya ba. Mahaifiyata ta ce a matsar da ita, na ce ba mai sa ni in kai ta inda za a kwance mini tayoyi. Ina ganinsa yana fito da buzunsa yana raɓewa a bayan motar, ruwan Yawunde kuma ba ya sallama, yana zama zai kora shi ciki. Ban taɓa tambayar kaina me ya fito da shi ba.

Ruwan nan ne ya buɗe mini ido. Wata azahar ya tsinke, na faɗa zaurensa in fake. Aka ɗauke ruwa, rana ta fito tarwai a waje, amma cikin zauren kamar an kira magariba. Na ɗaga kai, ashe tamfol ɗina ne ya toshe ƙofar. Ga Baba ya kusa manna hula da hancinsa, yana laluben zare, idanunsa jawur suna zubar da ruwa. Gwaggo, matarsa, ta yafito ni soro na biyu, ta gaya mini a hankali cewa masu kawo aiki sun janye tunda ɗinkin ya fara karkacewa, kuma shi ya hana ta yi mini magana, wai maraya ya samu abin yi, kada a ɓata masa rai. Kunya ta rufe ni.

A ranar na tara maza muka sauke ta daga kan duwatsun, muka tura ta har wani fili a unguwar Ekoudou. Na dawo ina haki na durƙusa na nemi gafara. Ya ce ban yi masa komai ba, ido dama tsufa ya taɓa shi, hasken kuma ya gode, yana jin ɗuminsa a fuska, kafar allura ce dai ta riga ta ɓace masa. Ba zan ce motata ce ta cinye idon ba, Allah ne masani, amma ɗan ganin da ya rage masa a duhuna ya ƙarar da shi. Zan tashi ya miƙo mini hular da ke hannunsa, ya ce tawa ce, tun ranar da na shigo da mota yake taɓa ta in ya samu sarari, don mai motar kansa ya kamata a gan shi da hula ta kirki. Ita ce ɗinkinsa na ƙarshe.

Abin da na koya shi ne, dattijonmu ba zai ce ka cuce shi ba, tambayar lafiyar motarka zai yi. Don Allah masu mota, kafin ku kashe inji a ƙofar wani, ku shiga ciki ku zauna inda yake zama, ku ga abin da kuka tare masa. Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya haskaka kabarinsa. Hular tana wurina, rabinta ɗinki tsaf, rabinta a karkace, kuma har yau ina iya ɗora yatsa daidai inda motata ta tsaya.