Bidiyon da Na Nuna wa Alhaji

Shekarar da kwangilarmu ta ƙare a ofis, aka ce mu koma gida za a kira mu. Za a kira mu! Wata bakwai waya na hannuna kamar carbi, ba wanda ya kira sai masu kuskuren lamba. To wanda ya wuni yana kallon waya dole ya ga abubuwa, kuma ni bakina ba ya riƙe abin da idona ya gani.

Gidanmu yana Limancin Kona. Yayana ne ke riƙe da shi tun rasuwar mahaifinmu, kuma a lokacin ni da matata daga tukunyarsa muke ci. Sana'arsa ɗinkin hannu, aikin babbar riga, wanda ya gada. Bayan La'asar yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, riga a kan gwiwa, maƙwabta su taru. Ni kuma in fito da kayana. Yau agogon da ke ƙirga takun mutum, gobe abin kunne marar waya, jibi sabon fim ɗin Koriya da aka juya Hausa. Ran da na kunna musu waƙar da kwamfuta ta rera da muryar wani mawaƙi da ya daɗe a ƙasa, wani dattijo har salati ya yi ya tashi. Na ji daɗi ƙwarai. Gaskiyar magana, wurin nan kaɗai ya rage inda ake juyowa a saurare ni. Yaya ko kai ba ya ɗagawa, sai dai ya ce, "Ɗan boko, yau kuma wane aljanin ka kawo mana?"

Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa daga Ƙofar Galadima da ke kawo wa Yaya aiki tun zamanin mahaifinmu. Duk shekara a farkon Rajab yake zuwa da kansa, ba ya aike, da shaddodinsa da na abokansa, don a gama kafin Sallah. Wannan aikin ne ke ciyar da gidanmu rabin shekara. Kuma zuwan yana da tsari: a gaisa, a fasa goro, a yi wa mamata addu'a, ƙunshin shaddodin yana ajiye a gefe kamar ba a gan shi ba. Sai Alhaji ya tura shi gaban Yaya sannan magana ta buɗe. Kafin nan ƙaramin gida ba ya sa baki. Na san haka sarai.

Amma ranar zuwan Alhaji a shekarar nan na ci karo da bidiyon wani keken ɗinki mai kai goma sha biyu, kwamfuta ke tuƙa shi, yana zana aikin riga irin namu, allurai na sauka kamar ruwan sama. Tun safe abin yake cina. Ana cikin cin goro na matsa na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, dubi ikon Allah. Abin da Yaya ke wata uku a kai, kafin a yi Azahar keken nan ya gama!"

Wallahi da dariya na faɗa. Ni a tunanina abin mamaki na kawo.

Alhaji ya sa tabarau, ya kalla har ƙarshe, ya ce in sake. Ya tambaya ko a ƙasar waje ne. Ni sarkin sani na ce ai har Kano an kawo. Yaya zarensa kawai yake ja. Da aka kira Magariba Alhaji ya miƙe ya ɗauki ƙunshinsa ya saɓa a hammata, ya ce, "Malam, zan dawo mu yi maganar zare."

Yaya ya ce, "Allah ya kai mu, Alhaji."

Rajab ya wuce, Sha'aban ya wuce, Alhaji bai dawo ba. Na yi ta jiran Yaya ya zage ni, ko ya ce in tattara matata in nemi wuri. Da ya yi da na samu sauƙi. Bai yi ba. Ni na dinga jin haushin kowa, ina yi wa matata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ina ce wa kaina ai ko ban nuna ba Alhaji zai gani a wani wurin. Ƙila haka ne. Amma a hannuna ya gani, a kan tabarmar Yaya, da goronsa a baki.

Ranar Sallah Alhaji ya biyo gaisuwa kamar kullum, cikin sabuwar riga fara sol. Masu wannan sana'a in suka ga aiki sai sun taɓa. Yaya ya kama gefen aljihun, ya juya bayan ɗinkin, ya shafa da babban yatsa. Ya daɗe yana dubawa.

"Ta yi kyau, Alhaji. Allah ya sa a kashe lafiya."

Alhaji ya sunkuyar da kai ya amsa, bai ko zauna ba.

Bayan ya tafi muka rage mu biyu a zaure. Na buɗe baki zan ba Yaya haƙuri, ya ɗaga min hannu. Mutumin nan ya haura hamsin, bai taɓa tsayawa gaban teburin kowa ba. Ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba:

"Kai da ka san hanyar ofisoshin nan. In an koma aiki ka rubuta min takarda ni ma. Ko gadi ne."